Tauraruwar Hajiya Kulu

A Gyadi-Gyadi akwai wani mai haɗa dish ɗin talabijin da ake kira Mu'azu. Wanda bai san fuskarsa ba ya san takunsa, domin daga nan har Tarauni babu rufin kwanon da bai lotsa ba. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, mu kuma 'yan teburin Murtala mai shayi muka karɓa don a zauna lafiya. Karatunsa bai wuce ƙaramar sakandare ba, amma idan ya fara bayanin sararin sama sai ka rantse can aka yanke masa cibiya.

Damuwarsa a lokacin guda ɗaya ce, Hajiya Kulu mai gidan da yake haya. Ɗaki da shago ta ba shi a jikin gidanta. Dattijuwa ce mai kamewa, ko muryarta maza ba su cika ji ba, duk daɗewarta a layin babu namijin da zai ce ya taɓa ganin ko gwiwar hannunta. Mu'azu ya mai da rufinta wurin gwaji, ya huda nan ya huda can, damina na faɗuwa ruwa ya sauka a tsakiyar gadonta. Ta kira shi zaure, tana daga bayan labule, ta ce ƙarshen wata ya kwashe ya-nasa-ya-nasa.

Matarsa Hasana ce ta tsaya tsayin daka. Ita ke raka Hajiya asibiti tun da tari ya kama ta, ita ke riƙe mata jaka, ita ke dafa mata ruwan ɗumi. Da haka Hajiya ta sauko ta ce za ta sake tunani, amma da sharaɗi. Kada ta ƙara jin ƙafarsa a kan rufinta, kada kuma ta ƙara jin sunansa a bakin mutane.

"Baban Rukayya," in ji Hasana, "ka san yadda ɗakin haya yake a unguwar nan. In muka fita daga nan ban san inda zan sa kai da yara ba. Wata ɗaya kawai, ka zama kamar babu kai."

Ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin, har zuwa washegari da yamma.

Muna zaune a teburin shayi sai ga Malam Stephen, mutumin Filato ne, yana koyar da kimiyya a wata makaranta a Darmanawa. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, in ya karanta abu a waya ba ya iya haɗiye shi shi kaɗai. Ya ce wani tauraron ɗan'adam ya kamo wata walƙiya ta eksire daga can ƙuryar sama.

"Eksire na asibiti?" in ji Murtala.

"Danginsa ne. Haske ne da ido ba ya gani. Ya tashi na ɗan lokaci ya mutu. Yanzu masana suna neman wace tauraruwa ce ta yi wannan atishawar."

"Su duba inda ya fito mana."

"Ai nan wahalar take. Na'urar ba ta nuna wurin daidai ba, da'ira kawai ta zana musu a sama, cikin da'irar kuma taurari ne cunkus. Sai sun bi su ɗaya bayan ɗaya, suna cire wadda ba ita ba, har su kai ga mai laifin."

Mu'azu ya ajiye kofinsa a hankali. Mu da muka san shi muka kalli juna.

"Malam, su wa aka sa neman?"

"Manyan masana na duniya."

"Shi ya sa. Ba a sa ɗan gari ba. Ni da na kamo tauraron ɗan'adam ana tsuga ruwa, hannu ɗaya a kan sifana, ɗaya riƙe da lema? Tauraruwar da take zaune wuri ɗaya ce za ta gagare ni?"

"Injiniya, eksire ba ya isowa ƙasa. Iska ke shanye shi tun daga sama. Shi ya sa aka harba na'urar can."

"To ni a ƙasa na ce maka zan tsaya? Rufi zan hau."

Malam Stephen ya kurɓi shayi.

"Wanda ya gano ta shi ke raɗa mata suna?" in ji Mu'azu.

"Lamba suke ba su."

"Ka ji rashin tarbiyya. Halitta guda a kira ta da lamba sai ka ce adaidaita sahu." Ya miƙe ya karkaɗe wando. "Ku shaida. Kafin wata ya mutu zan gano ta, in sa mata suna Hajiya Kulu. Ku gaya mini, tun da ake haya a Kano, wa ya taɓa korar mutumin da ya rubuta sunansa a sama?"

Babu wanda ya iya tuno ko mutum ɗaya, sai ya ɗauki shirun namu amincewa.

Yana da wata 'yar mita ta neman sigina, wadda take fito in dish ya fuskanci tauraron ɗan'adam. Ya ce eksire da sigina uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da yake mutum ne mai cika alkawari, bai taka rufin Hajiya ba. Rufin gidan kallon ƙwallo ya hau, domin nan ne dish mafi girma a layin. Ya kwance noti, ya ɗaura mitarsa, ya fara juya dish ɗin hagu da dama yana sauraro.

A ciki kuwa an cika maƙil, an ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ɗan wasa ya ja baya, ya taho da gudu, sai allo ya ɗauke. Da hoto ya dawo wata mata ce take dafa shinkafa tana bayani da wani yare da babu mai ji.

Samari suka fito kamar an buɗe gidan rina. Suka ɗaga kai suka gan shi rungume da dish, kunne a jikin mita.

"Ku yi shiru," in ji shi, "tana magana."

Takalmi ne ya fara isa gare shi, sannan dutse. Ya diro ta baya kan tarin yashin wani mai gini, ya ari ta kare. Can sai ga shi a teburin shayi da silifa ƙafa ɗaya, yashi har cikin kunne.

"Yaya aiki, Injiniya?" in ji Murtala.

"An samu ci gaba. Mita ta yi fito wajen Unguwa Uku. Su kuma waɗancan yaran, da ma ilimi da ƙwallo ba sa zama inuwa ɗaya."

Washegari bayan la'asar ya tare Ɗan'azumi, wani mai adaidaita sahu da ya zo daga ƙauye neman abinci. Kwanan baya ya karye a ƙafa, yana ɗingishi, amma bai fasa aiki ba. Mu'azu ya shiga baya ya turo wani ƙaramin dish ta gefe, ya ce a nufi Unguwa Uku. A hanya dish ɗin ya zubar da tiren mai gyaɗa, ya cire hular wani dattijo, ya kuma goge madubin wata mota. Duk wanda ya zage su Mu'azu sai ya ɗaga masa hannu ya ce aikin ƙasa ne.

Ana gab da magariba suka hango wani shuɗin haske yana walƙawa daga bayan wata katanga, ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu.

"Tsaya," in ji Mu'azu. "Ga ta nan. Ta sauko."

"Tauraruwar?"

"Ba ka ji siffarta ba? Ta tashi na ɗan lokaci ta mutu."

Suka zagaya katangar suka tarar da mai walda yana liƙa ƙofar ƙarfe. Da wani ne, da ya juya ya koma gida. Mu'azu ya ce ba a yanke hukunci sai an yi bincike, ya tsuguna a gaban mai walda ya ƙura wa wutar ido babu tabarau. Mai walda ya ce, "Malam, kawar da kai." Ya ce, "Yi aikinka in yi nawa."

Da gari ya waye idanunsa sun kumbura suntum, hawaye na zuba ba kuka ba. Hasana ta tambaye shi, ya ce ciwon ido ne yake yawo a gari. Ya fito da baƙin tabarau ya zauna a cikinmu.

"Na cire Unguwa Uku daga cikin da'ira," in ji shi. "Ko ba haka masanan suke yi ba, Malam? A cire wadda ba ita ba?"

"Haka ne," in ji Malam Stephen. "Amma su a sama suke cirewa."

"Ni daga ƙasa na faro. Gini daga tushe ake ɗaukarsa."

Wannan ciwon idon shi ya jawo mana masifa ta gaba. Yana zaune yana matse hawaye sai ya buga tebur har madara ta zube.

"Murtala, ranar da aka yi husufin rana, da me muka leƙa ta?"

"Da hoton asibiti."

"Hoton asibiti da me ake ɗaukarsa?"

"Da eksire."

"Magana ta ƙare. Ɗa ba ya ɓata wa uwarsa. Duk tauraruwar da ta fitar da eksire, hoton eksire zai gane ta. In na ɗora shi a ido, sauran za su dushe, ita za ta fito."

Malam Stephen ya fara cewa wannan leƙen ranar ma da muka yi ganganci ne, Allah ne ya kiyaye mana idanu. Kafin ya kai aya Mu'azu ya kai bakin titi.

Kowa ya sani, a unguwarmu babu gidan da ba shi da babban ambulan mai ruwan ƙasa a ƙarƙashin katifa. Ba a yar da hoton asibiti. Ko mai shi ya warke, ko ya rasu, hoton na nan a ajiye, domin likita ya ce a adana kuma bai ce har yaushe ba. Mu'azu ya bi gida-gida yana sallama. Ya samo ƙirji, ya samo ƙugu, ya samo hannun yaro da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya samo haɓar wani da jaki ya harba. Har Ɗan'azumi ya ba da na ƙafarsa, ya ce don Allah a kula, domin likita ya ce ya zo da shi a gwada da sabo a ga ko ƙashin ya haɗe.

"Yadda ka ba ni haka zan dawo maka da shi," in ji Mu'azu.

Ya shiga shago ya yanko bututun roba irin na masu famfo, tsawon hannu. Hotunan suka ƙi shiga saboda faɗi. Ya ɗauko almakashi ya yanke su zagaye-zagaye daidai bakin bututun. Gefen da aka rubuta sunan mai hoto duk ya tafi kwata. Bayan magariba yana tsaye a ƙofar shago yana sa wannan yana cire wancan, yana leƙen sama. Babu abin da ya gani sai duhu.

Ranar komawa asibiti Ɗan'azumi ya zo karɓar hotonsa. Mu'azu ya zuba hannu a kwali ya zaro ɗan zagaye ɗaya kamar faifan murfin kofi ya miƙa masa.

"Wannan fa?"

"Hotonka ne. Na rage maka shi don sauƙin ɗauka."

Ɗan'azumi ya tafi da shi a aljihun riga. Kafin azahar ya dawo yana huci, ya tsaya a ƙofar shago.

"Injiniya, likita ya ɗaga abin nan ya daɗe yana kallo. Ya kira abokin aikinsa suka kalla tare. Ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin ƙafa mai haƙora ba."

"Likitocin yanzu ba su da haƙuri. Da ya juya shi."

"Ya juya. Ya ce haɓa ce."

"To ka zaɓi wani, ga kwali nan. Ƙafafu sun fi biyar a ciki."

"Tawa nake so."

"Taka tana jikinka, Ɗan'azumi. Ka gode wa Allah."

Da ƙyar muka raba su. Labari ya bazu, masu hotuna suka fara zuwa. Wani ya tafi da ƙugun maƙwabcinsa, wata tsohuwa ta karɓi hannun yaro ta ce ita dai a ba ta wani abu ta mayar ƙarƙashin katifa. Kwali ya ƙare, tauraruwa ba ta fito ba, wata kuma ya raba tsakiya.

Ran nan Hasana ta tafi Islamiyya, Mu'azu ya shiga ɗaki yana neman sifana, ya ɗaga katifarsu sai ga ambulan sabo ƙal, babba. Bai tambayi kowa ba. Ya ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya zaro hoton, ya yanke tsakiyarsa, ya mayar da sauran cikin ambulan ya danne da katifa yadda ya same shi.

Bayan magariba ya sa a bututu, ya ɗaga sama. Sai ya ƙame. Ga wani farin ɗigo nan a tsakiya, tas, da wasu ƙananan ɗige-ɗige sun taso daga gefensa biyu.

Ya taho teburin shayi yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Malam Stephen, zo ka ga abin da ya gagari duniya."

Malam Stephen ya karɓa ya leƙa gabas. Ya juya ya leƙa yamma. Ya saukar da bututun ya leƙa fitilar Murtala.

"Injiniya, duk inda na juya tana nan."

"Ai ta san an gano ta. Ina za ta gudu?"

"Na nuna fitilar shayi, tana nan."

"Kai da bakinka ka ce eksire na ratsa abu. Abin da ya ratsa naman mutum, fitilar Murtala ce za ta tare shi?"

"Waɗannan layukan masu lanƙwasa fa da ke kewaye da ita?"

"Hanyoyin taurari ne. Ba ku kai nan ba a makarantarku?"

"Ina ganin a jikin hoton take, ba a sama ba."

Mu'azu ya karɓe bututunsa ya goge shi da gefen riga. "Malam, ban ga laifinka ba. Mutum ya yi shekaru yana karatu, wani ya zo da bututun famfo ya riga shi. Ko ni ne zan ji zafi."

Ya sa ranar buɗe tauraruwa, bayan sallar magariba a ƙofar gidan Hajiya. Bai gaya wa Hasana ba, ya ce abin farin ciki ba a ɓata shi da shawara. Ya san Hajiya ba za ta fito don shi ba, sai ya je wurin mai unguwa ya ce za a karrama ta da abin da ba a taɓa karrama wata mace da shi ba a ƙasar Hausa. Mai unguwa ya ji daɗi, ya gayyato liman, ya kuma aika wa Hajiya cewa dattawa na roƙon ta leƙo. Ba ta iya ƙin dattawa. Aka ajiye mata kujera a bakin zaure, ta zauna cikin hijabi har ƙasa, ido kaɗai ake gani.

Jama'a ta taru har bakin kwata. Masu hotuna sun zo, samarin gidan kallo sun zo, kowa da abin da ke ransa. Mu'azu ya ɗaure bututun a jikin ƙafar dish, ya rataya ƙwan lantarki a gabansa daga nesa, ya ce don a taimaka wa tauraruwar ta fito sosai. Ya sa babbar riga ta aro, da baƙin tabarau.

"Jama'a," in ji shi, "masana sun neme ta da na'urori, ba su same ta ba. Ni na same ta a Gyadi-Gyadi. Ba kuma zan sa mata lamba ba. Daga yau har tashin duniya sunanta Hajiya Kulu. A yi layi, dattawa a gaba."

Mai unguwa ya fara leƙawa. Ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Ikon Allah." Liman ya leƙa, ya gyara tabarau ya sake leƙawa, ya ce lalle akwai abin lura. Daga nan layi ya tafi, masu shago, direbobi, leburori, samari, kowa ya sa ido ya ce wani abu don kada a ce bai gani ba.

Sai layi ya zo kan Sama'ila mahauci. Ya leƙa, bai ɗago ba.

"Injiniya, haƙarƙari nake gani."

"Hanyoyin taurari ne."

"Ni dai da haƙarƙari nake kwana nake tashi. Wannan haƙarƙari ne. Kuma ba na ƙuruciya ba ne, an sha miya. In a teburina ne, sai na gaya wa mai saye ya ɗora tun asuba in yana son ci da dare."

Aka yi dariya. Waɗanda suka riga suka leƙa suka sake shiga layi don su ga haƙarƙarin. Wani ya ce na hagu ya fi na dama lanƙwasa. Wani ya ce mai wannan ƙirjin ba ya cin abinci sosai.

Mu'azu ya ga taro zai lalace, ya kwance bututun ya kai gaban Hajiya, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Hajiya, ga takwararki."

Ta karɓa don kunyar dattawa. Ta kai ido, ta fuskanci ƙwan lantarki. Hannunta ɗaya ya tafi a hankali ya dafe ƙirjinta ta cikin hijabi, daidai inda ƙwayar sarƙarta take kwance. Ranar da aka ɗauke ta hoto a asibiti, namiji ne mai ɗaukar, ya ce ta cire sarƙa, ta ce ba za ta ɗaga hijabi a gabansa ba, in zai ɗauka ya ɗauka haka. Ya gaji ya ɗauka haka.

Ba ta kai ga magana ba sai ga Hasana ta fito daga ɗaki da ambulan a hannu. Ita ba ta san me ake yi ba, kaya take haɗa wa Hajiya don gobe za su koma ganin likita.

"Baban Rukayya, wa ya taɓa hoton Hajiya da ta ba ni ajiya?"

Ta zaro shi ta ɗaga a gaban ƙwan lantarki don ta nuna masa. Ga kafaɗu, ga wuya, ga sauran haƙarƙari reras, ga kuma rami zagaye a tsakiya daidai bakin bututu. Wanda bai samu leƙawa ba ma yanzu ya gani kyauta.

Sama'ila mahauci ya ja da baya a hankali, ya bi ta lungu, ba a sake ganinsa ba sai bayan kwana biyu.

"Sunan dai ya dace," in ji Malam Stephen can ƙasa-ƙasa.

Mu'azu ya cire tabarau. "Hajiya, a kimiyya irin wannan yakan faru. Ko masanan ma..."

"Sun gano tasu tun jiya," in ji Malam Stephen. "Na so gaya maka, ka ce hassada ce. Wata 'yar ƙaramar ja ce, ido ba ya ganinta. Sun ba ta lamba."

Hajiya ta ajiye bututun a ƙasa. A ranar ne da yawanmu muka fara jin muryarta sosai, kuma ba ta ɗaga ta ba.

"Mu'azu, ka huda mini rufi, na ce ƙaddara. Yau ka huda mini ƙirji. Abin da na hana likita gani, ka tara mini mazan unguwa sun yi layi. Har da mahauci ya yi mini kuɗi."

"Hajiya, bai faɗi kuɗi ba, lokacin dahuwa kawai ya..."

"Ƙarshen wata ya yi nisa. Yanzu."

Hasana ta fashe da kuka, ta zube a gabanta. Wallahi ta ba mu tausayi, domin duk wahalar da ta sha a kan ɗakin nan mun gani da idonmu. Mai unguwa ya gyara murya ya matso don ya ba da baki.

"Hajiya, a yi haƙuri, a duba..."

"Kai ma ka duba ai. Kai ka fara."

Mai unguwa ya koma ya zauna. Liman ya ɗaga hannu zai jawo aya a kan yafiya.

"Malam, kai sau biyu."

Liman ya sauke hannu ya kama carbi. Aka waiwaya ana neman dattijo ɗaya da bai leƙa ba wanda zai roƙa, babu. Mu'azu da kansa ya tabbatar kowa ya samu layi.

Hajiya ta dubi Hasana. Ta ce, "Tashi, 'yar nan. Ke ba ki yi mini komai ba sai alheri. Ke da yara ku zauna a ɗakinku. Shi ne ba na son gani, daga zaure har shago." Ta miƙe ta shige, aka kawo kwaɗo aka datse shagon.

Taro ya watse, sai masu hotuna da suka tsaya suna tambayar wa zai dawo musu da ƙasusuwansu. Ɗan'azumi ya ɗauki bututun ya ce zai riƙe shi jingina har ƙafarsa ta fito. Mu'azu ya tsaya a tsakiyar layi cikin babbar rigar aro, ya dubi ƙofar ɗaki.

"Hasana, to ni ina zan kwana?"

Ta shiga ciki. Ta fito da tabarma da filo ta ajiye masa a bakin kwata, idonta jawur.

"Ga sama nan a buɗe, Injiniya. Ka ci gaba da nema."

Ta koma ta sa sakata.